Baƙi'a Ba Ta Rubuta Suna

Akwai addu'ar da Bahaushe ke yi ƙasa-ƙasa, yawanci idan labari ya zo cewa wani alhaji ya rasu a Madina. Sai ka ji an ce, kai, wannan ya dace. Wani daga gefe ya ce Allah Ya ba mu irin tasa. Babu mai gaggawar mutuwa a cikinsu. Makwancin suke so, wato Baƙi'a.

Ka lura da masu wannan addu'a. A cikinsu akwai wanda ya rubuta sunansa a ƙofar gida, da goshin shago, da bayan tirela, da kalandar da yake rabawa duk shekara. In ya gina masallaci, sai an kafa allo. In ya haƙa rijiyar burtsatse, sai an kafa allo, sau da yawa ma allon ya fi famfon tsawon rai. Shi ne kuma yake fatan a kai shi inda ba a rubuta sunan kowa. Ko na Sayyidina Usman ba a rubuta ba.

Makabartar tana gabas da Masallacin Annabi (SAW), ta ɗan karkata kudu. Daga harabar masallaci za ka hau wani ɗan hawa, ka shiga ƙofa. Mai zuwan fari yakan tsaya turus. Ya zo da wani hoto a ransa, sai ya tarar da ƙasa. Fili ne fetal, da 'yan tudun ƙasa a jere, kowanne da dutse a kansa, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka manta ba a yi shuka ba. Hanyoyin siminti sun ratsa ta. Babu bishiyar da za ka fake. Daga nesa dogayen otal-otal na leƙowa, a ƙasa kuwa tattabaru ne ke ta kai-kawo.

Farkonta ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Lokacin da Annabi (SAW) ya yi hijira a shekarar 622, wurin saura ce a bayan gari, cike da wata ƙaya da Larabawa ke kira garƙad. Ana cikin ginin masallaci As'adu ɗan Zurara ya rasu, ɗaya daga cikin mutanen Madina da suka fara karɓar Musulunci. Mutanen gari suna cewa shi aka fara sawa a nan. A cikin waɗanda suka yi hijira kuwa, Usmanu ɗan Maz'un ne na fari, bayan yaƙin Badar. Da aka gama rufe shi, Annabi ya sa wani mutum ya kawo dutse. Dutsen ya gagari mutumin. Annabi ya naɗe hannun riga, ya ɗauko da kansa, ya ajiye a wajen kai, don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma riƙa sa iyalinsa kusa da shi. Alamar ke nan gaba ɗayanta. Dutse guda.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya taɓa zama a kwamitin makabartar unguwa ya san shi. A shekara ta 10 bayan hijira Ibrahim, ɗan Annabi, ya rasu bai cika shekara biyu ba. Ran nan aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwarsa ne, Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa. Aka sa yaron a Baƙi'a. Daga nan jama'a suka yi rububin wurin. Masu tarihin Madina sun ce kowace ƙabila ta zo ta sare ƙaya, ta ware nata gefen, ta san inda mamatanta suke. Har gobe haka mutane suke. A kai ni kusa da mahaifina. A bar mini wuri gefen maigida. Ɗan Adam ko ya mutu yana zaɓen maƙwabci.

Nana A'isha ta yi nata zaɓin. Ɗakinta ne ya zama makwancin Annabi da Sayyidina Abubakar. Wurin da ta so wa kanta a ciki, ta bar wa Sayyidina Umar da ya roƙa. Da nata lokacin ya zo, a shekara ta 58 bayan hijira, ta yi wasiyya a kai ta Baƙi'a wurin abokan zamanta. Da dare aka yi mata sutura, Abu Huraira ya ja sallar. Matan Annabi duk suna nan, ban da biyu. Nana Khadija tana Makka, Nana Maimuna tana Sarif, a kan hanyar Makka. Yau in ka tsaya inda ake nunawa, 'yan duwatsu za ka gani a jere cikin wani ɗan kewaye da bai kai gwiwa ba.

Labarin Sayyidina Usman ya fi ba ni abin tunani. An kashe shi a gidansa a shekara ta 35 bayan hijira, gari na hannun 'yan tawaye. Halifa ne, surukin Annabi har sau biyu, amma shigar da shi makabartar gari ta gagara. Mutane kaɗan ne suka ɗauke shi da dare, suka rufe shi a wani lambu da ake kira Hasshu Kaukab, a wajen Baƙi'a. Da mulki ya koma hannun danginsa Banu Umayya, a zamanin Mu'awiya, sai aka haɗe lambun da makabarta, aka riƙa sa mutane kewaye da shi. Kabarin bai motsa ko taƙi ɗaya ba. Iyaka ce ta matsa. Yanzu sai ka yi 'yar tafiya cikin makabartar kafin ka kai gare shi, kuma akwai dubban kaburbura a bayansa.

An ruwaito daga Imamu Malik cewa sahabbai wajen 10,000 ne suka rasu a Madina. Yawancinsu nan aka kai su. To, nawa ake iya nunawa? Ka ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa, da ƙyar ka nemi aro. Ga Abbas baffan Annabi da Sayyidina Hasan a wuri guda, tare da Zainul Abidina da Baƙir da Ja'afarus Sadiƙ. Ga 'ya'yan Annabi mata. Ga gwaggwanninsa. Ga waɗanda aka kashe a yaƙin Harra na shekara ta 63. Sauran kuwa ƙasa ta riƙe sirrinta. Samhudi, mai littafin Wafa'ul Wafa, wanda ya rasu a 1506, ya sha wahalar bin ruwayoyi don ya gano wa ke ina. Ko a zamaninsa, shekara 500 da suka wuce, mafi yawa sun ɓace wa masu nema. Hatta Nana Faɗima, wasu sun ce tana Baƙi'a, wasu sun ce a ɗakinta aka rufe ta.

Mutanenmu kan nufi wani gefe da sauri, wajen Imamu Malik. Ba abin mamaki ba ne. Da mazhabarsa aka koya mana alwala, da ita ake raba mana gado. Ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya kwanta a garin da ya ƙi bari ko da halifa ya neme shi. Kusa da shi akwai wani kabari da ake cewa na Nafi'u ne. Gardi in ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi, don Nafi'u shi ne malamin Warshu, kuma da ruwayar Warshu aka rubuta masa allo tun yana ƙolo. Mai karatun hadisi shi ma sai ya matso, don a wajensa Nafi'u shi ne bawan Ibnu Umar da aka 'yanta, wanda Malik ya ɗauki hadisi a wurinsa. Nafi'u biyu ne, duka a Madina suka rasu, kuma masu nuni sun rabu a kan wanne ne a nan. Gardi da ɗalibin hadisi sukan tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa yana gaida nasa.

Ba kullum wurin yake haka fayau ba. Ibnu Jubair, matafiyi daga Andalus, ya zo a 1184. Ya ga wata doguwar ƙubba a kan Abbas da Hasan kusa da ƙofa. Ya ga farar ƙubba a kan Ibrahim, da wata 'yar ƙarama a kan Malik. Sarakuna da masu hali sun yi ta gini, na baya yana gyara na gaba, har zuwa zamanin Turkawa. A 1806 dakarun daular Saudiyya ta farko suka rushe ƙubbobin. Wani Bature ɗan Suwizalan mai suna Burckhardt, da ya shigo Madina a 1815 da shigar Musulmi, tarin ƙasa da ramuka da baraguzai ya tarar. Turkawa suka dawo, suka sake ginawa. Ranar 8 ga Shawwal 1344, wato cikin Afrilun 1926, bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Hijaz, aka sake baje su. Tun daga nan ba a ƙara ɗora bulo a kan bulo ba.

Har yau maganar ba ta mutu ba. Masu rushewa sun kafa hujja da hadisan da suka hana gini a kan kabari, da umarnin da aka ba Sayyidina Ali na daidaita duk kabarin da aka ɗaga. Waɗanda abin ya yi wa ciwo sun ce an keta alfarmar iyalan gidan Annabi, an kuma shafe tarihi. 'Yan Shi'a a ƙasashe da dama suna zaman juyayin ranar duk shekara. Ka san yadda irin wannan muhawara take a majalisarmu, bayan Isha'i, in shayi ya zagayo. Kowa da littafinsa, kowa da malaminsa. An yi gini, an rushe, an sake, an sake rushewa. A tsawon wannan duka, ba a daina kawo gawa ana rufewa ba.

Wani abin lura shi ne yadda gari ya yi da ita. A da Madina tana da ganuwa, Baƙi'a kuma tana waje, ana fita gare ta ta wata ƙofa da ke ɗauke da sunanta. Tsakaninta da masallaci akwai tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna, Haratul Agawat, inda babannin da ke hidimar masallaci suke zaune, da yawansu 'yan asalin Afirka. Da aka zo faɗaɗa masallaci a zamanin Sarki Fahad, cikin shekarun 1980, aka kwashe unguwar ƙaf. Ganuwa ta riga ta tafi. Kasuwannin da, da gidajen da, duk sun bi. Mun saba ganin masu rai suna cin filin matattu, yau a yanki gefe a yi shago, gobe a fitar da fuloti. A nan masu rai aka tasa, makabarta ta ƙaru. Yanzu ta kai kimanin murabba'in mita 175,000, da katanga mai tsayin mita 4. A tsakiyar Madina, ban da masallacin kansa, da wuya ka sami abin da ya rage a inda yake tun zamanin sahabbai kamar ita.

Ta kuma karɓi baƙi iri-iri. Imam Shamil na Dagistan, wanda ya yi shekara 25 yana fafatawa da Rasha, a Madina ya ƙare a 1871. Abdulmajid na biyu, halifan ƙarshe na Turkawa, an kore shi a 1924, ya rasu a Faris a 1944. Turkiyya ta ƙi karɓar gawarsa. Shekara 10 tana ajiye a babban masallacin Faris kafin a kawo ta nan a 1954. Sarki Idris na Libiya, wanda Gaddafi ya kifar a 1969, a Alƙahira ya rasu a 1983, a nan aka rufe shi. Ben Ali na Tunisiya, da jama'arsa suka kora a 2011, shi ma nan aka kawo shi a 2019. Ka duba jerin da kyau. Yawancinsu mutanen da ƙasashensu suka rufe wa ƙofa ne.

Namu ma suna ciki tun da daɗewa. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umarul Futi, yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya zauna a Madina, ya zama madogarar mutanen Afirka ta Yamma a can, ya rasu a 1931. Kafinsa da bayansa akwai Takari da ba su ƙirguwa, waɗanda suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, suna noma a hanya suna tara guzuri, wasu shekara biyar, wasu goma. A 2025 Alhaji Aminu Dantata ya rasu a Abu Dhabi yana da shekara 94. A Kano sallar ga'ib aka yi masa. Sai da aka nemi izinin hukumomin Saudiyya, sannan aka kai shi Madina kamar yadda ya so. Gwamnoni da ministoci sun raka shi. Shi ma dutse guda aka sa masa, irin na manomin da ya sayar da bijimai biyu ya biya kujera, ajali ya cim masa kwana uku da sauka.

Abin da ya fi komai ɗaure wa baƙo kai shi ne wurin bai yi ritaya ba. Yawancin wurare masu irin wannan shekaru an zagaye su da igiya, an sa mai yankan tikiti. Baƙi'a kuwa aiki take yi. Kusan bayan kowace salla a masallaci za ka ji an yi shelar sallar gawa, namiji ko mace ko yaro, wani lokaci da yawa a haɗe. Liman ya yi kabbara huɗu. Kafin ka nemo takalminka, an ɗauki makara an yi gaba. Da sauri ake tafiya, kusan da sassarfa. Mutanen da ba su san mamacin ba su ne ke rige-rigen sa kafaɗa, ɗan Indunusiya ya karɓa daga ɗan Turkiyya, ya miƙa wa Bazabarme. Kabari a haƙe yake, ma'aikata na tsaye. Ba a jiran kawu ya iso daga Legas. Ba a jinkirta wa mai girma ko minti biyar.

Za ka ce, fili ɗaya, shekara 1,400, kullum ana kawowa, ina ake sa su? An faɗaɗa, amma faɗaɗawa ba ta isa ba. In shekaru suka ja, ƙasa ta gama aikinta, akan sake amfani da wurin. Wannan ƙasar da ka taka, mutane ne a kan mutane. Wanda yake burin ya kwanta kusa da sahabi, mai yiwuwa ya samu fiye da yadda ya roƙa. Sai dai ba zai sami wanda zai tabbatar wa 'ya'yansa ba. In ɗan ya zo Umara bayan shekara uku, yakan tsaya ya ce nan wajen ne, ko kuwa can gaba kaɗan, kusa da inda hanya ta karya.

Masu ziyara su ma abin kallo ne. Akwai mai taswira a waya, yana juya ta sama da ƙasa yana neman gabas. Akwai wanda ya zo sau biyu, saboda haka ya zama malamin tawaga. Da cikakken ƙarfin hali yake nuni, wannan wane ne, wancan wance ce. Wata tawagar na zuwa, nasu jagoran ya nuna dutse ɗaya ya kira wani suna dabam. Akwai mai kiran gida ta bidiyo, yana haska wa tsohuwarsa fili, ita kuma tana kuka a Funtuwa. Akwai mai sunkuyawa kamar zai gyara takalmi, ya damƙi ƙasa ya sa a aljihu. Askar mai gadin wurin ya san wannan sunkuyon. Yalla haji, yalla haji. A bakin ƙofa ga manyan alluna da harsuna daban-daban, suna bayanin abin da ya halatta a ziyara da abin da bai halatta ba. Su kaɗai ne rubutu a wurin.

Mata ba sa shiga. Hajiyoyinmu ba su cika ƙorafi a kan wannan ba, don ko a gida ba sa raka gawa makabarta. Sukan tsaya daga waje, jikin katanga, inda aka bar tagogin ƙarfe, su yi sallama daga nan. Akwai abin dubawa a ciki. Nana A'isha ce ta ba da labarin yadda Annabi yake fita Baƙi'a cikin dare yana nema wa mutanenta gafara, kuma ita ce ta tambaye shi abin da za ta ce in ta ziyarce su, ya koya mata. Addu'ar da maza ke karantawa a ciki, daga bakin mace aka samo ta.

Sai tattabaru. Ba su san Malik ba, ba su san Halifa ba. Alhazai na sayen alkama a leda suna watsa musu, wasu da niyyar sadaka, wasu don an ba su saƙo daga gida. Hukuma na hanawa, ana ci gaba. Tsuntsayen sun yi ɓul-ɓul, har tashi yana yi musu wuya. A duk faɗin Baƙi'a su kaɗai ke cin riba a fili.

Hadisi ya zo da falalar mutuwa a Madina, shi ya sa burin yake da tushe, kuma babu mai raina shi. Amma malaman da suka ruwaito shi su ne kuma suka ruwaito cewa Salmanul Farisi ya rubuta wa Abud Darda'i cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ke tsarkake shi. A Muwaɗɗa ta Malik maganar take, shi wanda yake kwance a wurin. An rufe munafukan Madina a garin nan, an kuma rufe manyan sahabbai a Sham da Kufa da Misira da bakin ganuwar Istanbul. Bilal, mai kiran sallar masallacin da ke kallon Baƙi'a, a ƙasar Sham ya kwanta.

Saboda haka, malam, in Allah Ya kai ka, kada ka ɓata safiyarka wajen gardamar wane dutse ne na wa. Ka yi sallama ga mutanen wurin baki ɗaya, ka roƙa musu gafara, ka roƙa wa kanka. In aka shigo da gawa, ka bi ta ko ba ka san mai ita ba, ka sa hannu ka zuba ƙasa sau uku. Ƙasar kuma ka bar ta a inda ka gan ta. Ana buɗe ƙofa bayan Asuba da bayan La'asar, kuma ba a biyan ko sisi.